Saura Biyu, Tsoho

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, dogonmu da gajerenmu.

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Sha'aban, jim kaɗan bayan sallar La'asar, Allah ya karɓi ran kakana, mahaifin mahaifiyata, a gadon asibiti, yana da shekara sittin da tara. Masu kallon ƙwallon kwando sun san shi da Tsani. An faɗi rasuwarsa a rediyo, an ce an yi rashin gwarzo. Ni kuwa Tsoho nake ce masa. In na ga yana cikin nishaɗi sai in ce masa Saura Biyu, bayan na tsaya inda hannunsa ba zai kai ba, wurin kuwa ba kusa ba ne.

Tsoho, har ranar ƙarshe sai da ka ba mu aiki. Makarar masallacinmu ba ta ɗauke ka ba, sai da aka kira kafinta ya ƙara mata katako. An aika wa masu haƙan kabari cewa mamacin dogo ne, suka haƙa na dogon mutum irin wanda suka saba gani. Da muka iso suka dube ka, suka dubi aikinsu, suka koma ciki ba wanda ya ce musu komai. Mutane suna ta rufe fuska da hannun riga, ba ka gane mai kuka da mai danne dariya. Ni duka biyun na yi, na kuma san da kana tsaye a wurin da ka fi kowa jin daɗin abin.

Bari in faɗa wa waɗanda ba su riske ka a fili ba ko wane ne kai, tunda yanzu ba ka nan balle ka faɗa da kanka, yadda ka saba faɗa wa duk baƙon da ya yi kuskuren zama a tabarmarka. Tsawonka mita biyu da santimita takwas. Shekara goma sha bakwai ka yi a ƙungiya ɗaya, ba ka taɓa sa rigar wata ba. Kun ɗauki kofin gasar ƙasa sau biyar, uku daga ciki kana kyaftin. Sau uku aka zaɓe ka gwarzon shekara. Akwai wasan da ka ci maki hamsin da ɗaya da karyayyen ɗan yatsa, yatsan da har ka rasu yana nuna gefe, in ka nuna wa mutum hanya da shi sai ya ɓata. In aka yi maka keta aka ba ka jifa, cikin goma tara sai sun shiga. Ka miƙa wa abokan wasanka ƙwallo sun ci fiye da sau dubu huɗu, har yau ba a sami wanda ya kamo ka ba, amma wannan ba ka cika faɗa ba, a bakin tsofaffin abokanka na ji. Makin da ka ci da hannunka kuwa dubu tara da ɗari tara da casa'in da takwas ne.

Duk wannan na haddace shi tun ban haɗa izu ɗaya ba. Malaminmu na allo ya sha cewa da karatu zai zauna a kaina yadda makin kakana ya zauna, da tuni ina jan mutane sallah.

To, daga wannan adadi zuwa dubu goma, saura biyu. Nan maganar take. A wasanka na ƙarshe ka jefa ƙwallo daidai lokacin da ƙararrawar tashi ta kaɗa. Ƙwallo ta shiga, alƙalin wasa ya ce lokaci ya riga ya ƙare. Ka ce ba komai, baɗi ma shekara ce. Kafin baɗi gwiwarka ta kumbura kamar kabewa, likitoci suka ce wasa ya ƙare. Fiye da shekara talatin kana ɗauke da biyun nan. Ban taɓa jin ka zagi alƙalin ba. Da ya rasu ma ka je jana'izarsa, har ka sa kafaɗa a makara, makarar ta karkace gefe guda sai da aka roƙe ka ka bar wa mutane. A hanyar dawowa ka ce min ka yafe masa duniya da lahira, amma dai ƙwallon ta bar hannunka kafin ƙararrawa.

Wasa ya bar ka, hannunka bai sani ba. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin ka miƙa wa mutum abu hannu da hannu ba. Makulli jifa, sabulu jifa, hula daga bakin ƙofa sai kan ƙusa, riga mai datti daga kan gado sai cikin kwandon wanki. Tsohuwa, matarka, ta gaji da share fasassun kofuna ta mayar da gidan duka na roba. Na ga ranar da ta ce ka miƙo mata ƙwai daga kan tebur, ka cilla mata shi ta bayanka ba tare da ka waiga ba, ta cafe da hannu ɗaya tana ci gaba da magana da maƙwabciya. A gidanmu akwai 'yar wasan da ba a taɓa ba ta kofi ba, ita ce.

Duk abin da ka jefa ya shiga inda ka nufa, sai ka ɗaga yatsu biyu ka ce, “Guntu, rubuta.”

Ni kuma in ce, “Ba alƙali, ba maki.”

Haka muka yi ta yi tun ina yawo ba wando har na fara aske gemu. Guntu kake ce min domin duk zuriyarka ni kaɗai ne tsawo ya tsallake. Kana cewa da aka zo rabo ina can ina tsokanar wani. Ni ma ban bar ka ka huta ba. Na zana biyu da gawayi a ƙofar ɗakinka, ka goge, na zana a inda sai ka durƙusa za ka goge. Na koya wa mai shayin layinmu ya riƙa tambayarka ko cokali biyu zai sa maka. Na tara yaran unguwa suna gaishe ka da yatsu biyu. Na taɓa sa wa kyanwa tsumma a cikin takalminka na zuwa masallaci don ta shiga ta kwanta, ka zura ƙafa ka yi tsalle, sai ta ji daɗin wurin ta haihu a ciki. Na jira faɗa. Sai ka leƙa, ka ƙirga 'ya'yan, ka ce a bar mai jego ta huta. Wata guda kana zuwa masallaci da silifa wadda rabin diddigenka ke ƙasa, domin ba a samun takalmin ƙafarka a kasuwa.

Halinka ke nan. Ba gidan da ke layinmu da ba ka canza wa ƙwan lantarki ba, kana tsaye a ƙasa. Ƙwallon yara in ta maƙale a rufi, kai ake kira. Ka kafa ƙarfen kwando a bangon da ke bayan gidanmu, duk yamma yara su cika wurin, wanda ba shi da takalmi ka san yadda ka yi ya samu ba tare da sauran sun sani ba. Abin da ka fara koya wa kowane yaro shi ne ya duba ko akwai wanda ya fi shi sarari kafin ya dubi kwando. Yara suna ƙin wannan darasi, kowa so yake ya jefa.

Da mahaifina ya rasu ina ɗan shekara biyar, kai ka zo ka kwaso mu, ni da Umma. Abin da nake tunawa a ranar shi ne na ƙi cin abinci, na ƙi magana. Ka ɗora ni a wuyanka, ka kai ni bayan gidanmu, ka ba ni ƙwallo na saka ta a kwando da hannuna daga sama. Ka ce maki biyu ne, nawa. Ba ka tambayi alƙali ba.

Yanzu sai maganar bara, wadda kowa ya ji rabinta a rediyo. Ga cikonta.

A shagon gyaran waya nake aiki. Wata rana ciniki ya yi sanyi, shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni. Na ari wayar maigidana, na cusa hankici a baki, na kira ka. Na ce daga ofishin ƙungiya ne, an duba doka an ga ba a ƙayyade shekarun ɗan wasa ba, saboda haka ana so ka zo gobe da safe a yi maka rajista ka cika biyun nan. Ka ce, “To, madalla.” Na kashe waya na yi dariya har na faɗo daga kan benci.

Da safe sai ga ka cikin tsohuwar rigar wasanka, tana warin kafur, ta kama ka a ciki kamar za ta yi magana. Ka ce in taso in riƙe maka jaka. Na bi ka da murna, ina cewa yau zan ga abin ba da labari. Muka shiga ofis, shugaban ƙungiya ya miƙe tsaye don girmamawa, ya ba ka kujera.

Ka ce, “Sakatarenku ya kira ni jiya, ya ce in zo a yi min rajista.”

Shugaban ya ce, “Wane sakataren, Baba?”

Ka ɗora tafin hannunka a kaina, ya rufe shi ruf kamar murfin tukunya. Ka ce, “Ga shi nan. Murya ya canza, amma jan hancin na nan yadda yake tun yana goye.”

Na nemi ƙofa, hannun bai ba ni dama ba. Shugaban ya yi dariya har da hawaye. Can sai ya daina dariyar, ya aika aka kira sakataren gaske, ya tambaye shi ko doka ta hana. Sakataren ya duba littafin doka, ya ce ai kuwa doka ta faɗi ƙarancin shekaru, ba ta faɗi yawansu ba. Na shirya ƙarya da kyau, ashe gaskiya na faɗa. Shugaban ya dubi rigarka, na ga yana tuna kujerun 'yan kallo da suka daɗe ba kowa a kansu. Nan take aka yanke cewa za ka shiga a wasan ƙarshe na shekara. Likitan ƙungiya ya ƙwanƙwasa gwiwarka, ya saurari ƙirjinka, ya ce minti ɗaya ya ba ka, ban da gudu, ban da tsalle.

Da muka koma gida Tsohuwa ta saurari labarin har ƙarshe. Ni ta duba ta ce, “In ya faɗi, kai za ka ɗauko shi.” Ni da ko cinyarka ɗaya ba zan iya ɗagawa ba.

Makonnin da suka biyo baya, kullum bayan sallar Asuba muna bayan gidanmu, kana jifa daga gindin kwando ina tsinto maka. A nan na gane cewa abin da na mayar wasa tun ina yaro, a wurinka ba wasa ba ne. Wata safiya ka zauna a kan bulo kana haki, ka ce min ba don jarida kake yi ba. Ka ce har yanzu kana mafarkin ƙararrawar nan, ƙwallo tana sama, ka farka ba ka ga ta sauka ba. So kake ka daina. Ranar ban tsokane ka ba har azahar.

Ranar wasa babban ɗakin wasan ya cika har bakin ƙofa. Tsofaffi da sanduna, wasu jikoki ne suka riƙo su. Tsarin mai sauƙi ne: koci, mai horar da 'yan wasa, zai sa ka a ƙarshe, a miƙo maka ƙwallo a gindin kwando, ka ɗaga hannu ka saka. Kyaftin ɗin abokan karawa ma ya riga ya ce ba mai taɓa ka a cikinsu, kakansu ne kai. Abin da ba a tsara ba shi ne wasan zai yi zafi. Da lokacinka ya zo, suna gabanmu da maki biyu, daƙiƙoƙi kaɗan suka rage. Koci ya fara sosa ƙeya. Ɗaki ya ɗauki “Tsani, Tsani,” har ya ga in bai sa ka ba ba zai fita da rigarsa ba.

Ka shiga da tafiya, yadda likita ya ce, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ka tsaya a gindin kwando. Aka miƙo maka ƙwallo ka cafe. 'Yan wasan can su biyar duka suka taho suka kewaye ka, hannuwansu a ƙasa, wasu don girmamawa, wasu don su fito a hoto. Duk ɗakin ya miƙe, kowa ya ɗaga yatsu biyu. Ni ma na ɗaga, karo na farko ba da tsokana ba. Ka ɗaga ƙwallon sama da kanka. Tsakaninka da kwando bai kai tsawon hannuna ba.

Sai ka cilla ta gefe.

Can a kusurwa, bayan layin da in an jefa daga nan maki uku ne, akwai wani sabon ɗan wasanmu siriri da ake ce wa Tsinke. Tunda kowa ya taru a kanka, shi kaɗai yake tsaye, shi ma kallonka yake da baki buɗe. Ƙwallo ta same shi a ƙirji. Daga baya ya rantse cewa tsoro ne ya sa ya jefa, don ya rabu da ita. Ta tashi, ta shiga, ƙararrawa ta kaɗa. Muka ci wasa da maki ɗaya.

Ɗakin ya yi tsit, kowa da yatsunsa biyu a sama bai san inda zai kai su ba. Mai magana a lasifika ya riga ya fara cewa “dubu go…” ya haɗiye sauran. Sannan ihu ya tashi. Ni kuwa zama na yi a ƙasa.

A mota na kasa haƙuri. Na ce, “Tsoho, me ka yi ke nan?”

Ka ce, “Yaron shi kaɗai yake.”

Na ce, “Biyun fa?”

Ka ce, “Biyu canjaras ne, uku nasara. In aka yi canjaras sai an ƙara lokaci, ni kuma minti ɗaya likita ya ba ni.”

Muka wuce gidan mai. Sannan ka dubi hannunka ka ce a hankali, “Guntu, wallahi ban san na miƙa ba. Hannun ne.”

Tsohuwa tana gaba ba ta ko waigo ba. Ta ce, “Shekara arba'in ina gaya wa mutane.”

Bayan kwana biyu na tambaye ka ko mafarkin ya daina. Ka ce bai daina ba, amma yanzu in ƙararrawar ta kaɗa muna gaba da ɗaya, sai ka juya ka ci gaba da barcinka. Shugaban ƙungiya ya aiko a sake shiryawa bana, likita ya ce ko daƙiƙa ɗaya ba zai ƙara ba, zuciya ta fara gajiya. Ba ka yi musu ba. Gida ya koma yadda yake, kana jifa kana ɗaga yatsu, ina hana ka.

A asibiti ma gadon bai ishe ka ba, sai da aka jona kujera aka ɗora ƙafafunka. Ranar Litinin da rana na zo na ɓare maka lemo. Ka kasa sha. Ka karɓi ɓawon kana dunƙule shi a hannu, idonka yana kan kwandon shara da ke bakin ƙofa, bayan gadaje uku. Nas tana tsaye a gadon maƙwabcinka, tana riƙe da hannunsa tana duba agogo. Hannun da ya kasa ɗaga kofin ruwa da safe, na ga ya tashi. Ɓawon ya bi ta saman marasa lafiya uku, ya bugi bakin kwandon, ya yi kamar zai fito, ya faɗa ciki. Nas ta ɗago kai, mai karyayyar ƙafa da ke gadon ƙarshe ya tafa. Ka ɗaga yatsu biyu, da ƙyar suka miƙe.

Ka ce, “Guntu.”

Na ce, “Ba alƙali, ba maki.”

Ka yi dariya har tari ya kama ka. Na gyara maka matashi, na koma shago. Washegari aka kira ni.

Tsoho, tun ranar na zauna na sake duba shari'ar nan a tsanake, ga abin da na gani. Akwai alƙali a wurin, nas ɗin nan mai fararen kaya, da agogo a hannunta. Akwai 'yan kallo, har da wanda ya tafa. Ƙwallo ta bar hannunka, ta shiga, ƙararrawa kuwa ba ta kaɗa ba sai washegari bayan La'asar. Saboda haka na rubuta. Dubu goma cif. Na san me za ka ce, cewa daga bayan gadaje uku ai maki uku ne. Biyu na ba ka. Ɗayan na riƙe shi a wurina, don mu sami abin musu ranar da Allah ya haɗa mu.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo gare Ka. Ka san abin da ya ci da hannunsa, Ka kuma fi kowa sanin abin da ya miƙa wa wasu. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka cika masa mizani ba saura ko ɗaya. Ka yalwata masa kabarinsa, faɗi da tsawo, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarsa, inda ba ƙofar da zai sunkuya kafin ya shiga.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Umma da 'yan'uwanta maza da mata, da 'yan'uwana jikoki, dogayen duka. Ga tsofaffin abokan wasansa da suka zo da sandunansu suka tsaya a rana har aka gama. Ga ƙungiyarsa da magoya bayanta. Ga yaran da ke wasa a bayan gidanmu, su sani kwandon yana nan, ba mai cire shi. Ga Tsinke, wanda ya roƙa a bar shi ya shiga kabari ya karɓe shi da hannu biyu, aka bar shi.

Sai ke, Tsohuwa. Jiya na ga kin ce a miƙo miki makulli, kin ɗaga hannu sama kina jira, sai aka zo aka sa miki a tafi. Allah ya ba ki haƙuri, ya ba mu duka. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.